Babi na Bakwai: Bauta da Hanyar 'Yanci a Ƙasar Adar

A ranar 12 ga Disamba 1905 gwamnatin Faransa ta fitar da dokar da ta haramta sayar da mutum ko bayar da shi kyauta a duk ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma. Ƙasar Adar tana ciki, domin a lokacin tutar Faransa ta riga ta yi shekaru tana kaɗawa a barikin Tawa, garin da Faransawa ke rubutawa Tahoua. Shekara 103 bayan haka, ranar 27 ga Oktoba 2008, alƙalan kotun ECOWAS suka zauna a Yamai, suka yanke hukunci cewa gwamnatin Nijar ta kasa kare wata mata mazauniyar jihar Tawa daga bauta. An sayar da ita ne a 1996 tana da shekara 12, a zamanin da akwai rediyo a kowane ƙauye, akwai jandarmomi, akwai kotu a Birnin Ƙonni.

Tsakanin ranakun nan biyu an yi mulkin mallaka, an samu 'yancin kai a 1960, an rubuta kundin tsarin mulki iri-iri, kowanne yana shelar cewa 'yan ƙasa daidai suke. To ina bautar ta laɓe duk tsawon wannan lokaci? Ta yaya kuma dubban jikokin bayi suka fita daga cikinta, alhali yawancinsu ba wanda ya taɓa miƙa musu takardar 'yanci? Binciken da aka yi a Adar cikin shekaru hamsin da suka wuce ya nuna tambayoyin biyu amsarsu ɗaya ce. A wannan ƙasa, abin da ya raba ɗa da bawa shi ne ikon tashi a tafi ba tare da neman iznin kowa ba. Waɗanda hanya ta buɗe musu sun fita. Waɗanda aka tsare wa hanya kuwa, doka ta zo ta wuce ta kansu.

Ƙasar duwatsu da kwaruruka

Wanda ya taso daga Ƙonni ya nufi arewa ba ya daɗewa ƙasa za ta sauya masa: tuddai masu baƙaƙen duwatsu, a tsakaninsu kwaruruka masu dausayi irin na Maggiya da Badagishiri da Keita, inda ake noman gero da dawa da albasa. Idan ya wuce Tawa ya doshi Abalak da Cintabaraden, gonaki sai su riƙa janyewa, makiyayar Azawak ta buɗe. Tsofaffin mazauna kwarurukan Hausawa ne manoma da ake kira Azna. A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu al-Mubarak, ya ci ƙasar da yaƙi, zuriyarsa ta riƙe sarautar Sarkin Adar wadda daga baya ta zauna a Ilela. Masanin tarihi Djibo Hamani ya bi diddigin wannan zamani a littafinsa na 1975 kan Adar kafin zuwan Turawa.

A ƙarni na 19 Adar ta kasance tsakanin masu ƙarfi uku: daular Sakkwato daga kudu, Abzinawan Kel Geres a kudu maso gabas, sai Iwillimidan na gabas, wato Kel Dinnik, waɗanda arewacin ƙasar ke ƙarƙashin takobinsu. Al'ummarsu hawa-hawa ce. A sama akwai imajeghen, masu takobi da raƙumi. Sai ineslemen, malamai, imghad, masu biyan haraji, inadan, maƙera, sai 'yantattu, a can ƙasa kuma iklan, bayi. A Kano ko Zariya, duk mai rawani da ke jin Tamajak Buzu ne. A Adar kuwa sunan Buzaye ko Bugaje ya fi tafiya kan waɗanda asalinsu ya taɓa bauta ko barance. Hausawa su ma ba a bar su a baya ba: gidajen sarauta da na fatake suna da bayi da kuyangi, da cucanawan da aka haifa a gida, da sa-ɗaka.

Zaman bayin ba iri ɗaya ba ne. Akwai masu bin iyayengijinsu duk inda aka ya da zango. Mata su yi daka, su ɗebo ruwa, su kafa tantin fata su kwance. Maza su yi kiwo, su wuni suna jan guga a rijiyoyi masu zurfin gaske. Akwai kuma ƙauyukan bayi da ake bari a kwari su yi nomansu da kiwonsu. Ubangiji ba ya zuwa sai ya ga dama, ya ɗebi hatsi, ya zaɓi dabba, wani lokaci ya ɗora yaro ko yarinya a bayan raƙumi ya tafi. Waɗannan sun fi sakewa, amma igiyar tana nan. Ɗan da baiwa ta haifa wa bawa na mai baiwar ne, sadakin 'yarsu ubangiji ke karɓa, bawa kuma in ya mutu ubangiji ne magajinsa.

Al'adar Abzinawa ta bar wa bawa 'yar ƙofa guda. Idan azaba ta ishe shi, yakan je ya yanki kunnen raƙumin wani babban mutum, sai a ba da shi diyyar ɓarnar da ya yi, ya koma hannun mai raƙumin. Ubangiji ya sake ke nan, bautar tana nan yadda take.

Me ya hana su gudu, tunda ba ganuwa ba sarƙa? Ƙasar ce da kanta. Raƙumi na masu iko ne, rijiyoyi na hannunsu, su ne suka san inda ruwa yake cikin kwana uku na tafiya. Mutumin da ya fita shi kaɗai, ba ya ƙarƙashin inuwar kowane babba, ganima ne ga duk mahayin da ya fara cin karo da shi. Ko manomi ɗa, haifaffen 'yanci, yakan gwammace ya ba da damman gero kowace kaka ya zauna lafiya.

Gardamar malamai

Tun kafin Turawa su zo da tasu maganar, malaman wannan yanki sun daɗe suna gardama kan bauta. A 1615 Ahmad Baba na Timbuktu ya amsa tambayoyin mutanen Tuwat a littafinsa Mi'iraj al-Su'ud, ya bayyana cewa baƙar fata ba hujjar bautar da mutum ba ce, ya lissafa ƙasashen da mutanensu Musulmi ne, ciki har da Kano, Katsina, Gobir, Kabi da Barno, waɗanda bai halatta a mallake su ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754 a Maratta kusa da Galmi, cikin jihar Tawa ta yau, ya sa bautar da 'ya'ya Musulmi cikin manyan laifukan sarakunan zamaninsa. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka ingiza rikicinsa da Gobir shi ne kama mutanen Gimbana, jama'ar Malam Abdussalami, waɗanda almajiran Shehu suka kwance lokacin da aka biyo da su ta kusa da Degel, gab da hijirar 1804.

Sai dai gardamar tasu kan wanda ya halatta a bautar ce, ba ta kai ga tumɓuke bautar ba. Akwai fansa, akwai murgu, akwai 'yantawa don neman lada, amma kasuwa ba ta tashi ba. Masana sun ƙiyasta cewa zuwa 1900 bayin da ke cikin daular Sakkwato sun kai tsakanin miliyan ɗaya da miliyan biyu da rabi.

Zuwan Nasara

Faransa ta soke bauta a ƙasashen da take mallaka tun 1848, amma sojojinta na farko da suka ratsa wannan yanki da kamammu suka zo. A watan Mayun 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta afka wa Birnin Ƙonni, ta yi kisan da har yau ba a manta ba, ta kwashi mata ta raba wa sojoji. Tawa kuwa taswira ce ta jawo mata bariki. Yarjejeniyar 1898 ta bai wa Ingila da'irar mil 100 kewaye da Sakkwato, don haka hanyar Faransawa daga kogin Kwara zuwa Damagaram dole ta zagaya ta arewa, ta Filinge da Tawa. Suka kafa sansani a nan, suka karya ƙarfin Kel Geres a yaƙe-yaƙen Zangebe da Galma a 1901.

Kumandan da ke Tawa ba shi da sojoji da yawa, ƙasar da aka ɗora masa kuwa faɗi gare ta. Yana buƙatar raƙuman dako, da 'yan jagora, da haraji, kuma duk sai ta hannun sarakuna da shugabannin Abzinawa. Saboda haka dokar 1905 ta hana cinikin mutane a fili da hare-hare, amma bayin da ke hannu aka bar su a inda suke. A rahotanni ma aka riƙa kauce wa sunan bawa, ana rubuta bara ko ɗan gida, ta yadda mai karanta takardun a Faris zai ɗauka matsalar ta kau.

Abin da ya girgiza tsarin shi ne tawaye. Daga Disambar 1916 zuwa Maris 1917 Kawsan, wani jagoran Abzinawa, ya yi wa barikin Agadas ƙawanya, wuta ta kama ƙasar Abzinawa. A Afrilun 1917, a Tanut da ke arewacin wannan yanki, sojojin Faransa suka hallaka mayaƙan Kel Dinnik masu yawa. Daga nan hukuma ta ga cewa raba bayi da iyayengijinsu hanya ce ta karya lagon masu takobi. Aka riƙa ware rukunonin Buzaye, a naɗa musu shugabanninsu, a rubuta su daban a littafin haraji.

Sabon ubangijin ma ba ya wasa da hanya. Faransawa sun ɗora haraji a kan kowane kai, sun sa aikin tilas na gina hanyoyi da barikoki da ɗaukar kaya, sun ɗebi samari soja, sun ce mai tafiya nesa sai da takardar izni. Idan aka buƙaci ma'aikata daga wani sarki, ba 'ya'yansa yake turawa ba, marasa galihu yake turawa, galibi jikokin bayi. Ba a soke aikin tilas ba sai da dokar 11 ga Afrilu 1946, wadda ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. A ƙetaren iyaka ma tafiyar hawainiya aka yi: gwamnatin Lugard ta ce yaran da aka haifa daga Afrilun 1901 'ya'ya ne, ta bar manya su fanshi kansu ta murgu, ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya ba sai 1936. Wannan ne Paul Lovejoy da Jan Hogendorn suka bayyana a littafinsu na 1993 a matsayin mutuwar sannu-sannu.

Cin rani

Duk da haka, wani babban abu ya sauya: hare-hare sun tsaya. Mutum yana iya ɗaukar gora da sanda ya kama hanyar Sakkwato ba tare da fargabar a kama shi a sayar ba. Yunwar 1913 zuwa 1914 da farin da suka biyo baya sun sa iyayengiji da yawa sun kasa ciyar da bayinsu, ba su da bakin hana su neman abinci a wani wuri. Haraji kuma sai da kuɗi, kuɗi kuwa yana kudu.

Haka samarin Adar suka bazu. Da an gama girbi sai a nufi Sakkwato, Kano, ma'adinan kuza na Jos, Legas, Kumasi da Akara, daga baya Abijan, Kamaru, Aljeriya da Libiya. Wasu dako, wasu ga-ruwa, wasu gadin shaguna da gidaje da dare, wasu tallan shayi ko yadi. A can ba wanda ya san kakan kowa. Ɗan sarki da jikan bawa tabarma ɗaya suke kwana a zangon baƙi, kuma wanda ya saba da aikin ƙarfi tun yana yaro shi ya fi saurin tara abin hannu. Ya dawo da damina da rigar shadda da rediyo, ya biya harajinsa da kansa, ya sayi akuya da tambarin wani bai hau kanta ba, ya biya sadaki ga uban yarinya maimakon ubangijin uwarta.

Wannan shi ne ginshiƙin littafin Benedetta Rossi, From Slavery to Aid, wanda ya fito a 2015 bayan shekarun da ta yi tana zuwa Adar tun daga shekarun 1990. Ta nuna cewa tarihin mulki a wannan ƙasa tarihin iko da zirga-zirgar mutane ne, kuma jikokin bayi da ƙafarsu suka 'yanta kansu. Da yawa sun ƙara da wani mataki: suka zauna a garuruwan Hausawa, suka bar Tamajak, 'ya'yansu suka tashi da Hausa, jikokinsu ba su ma san an taɓa kiran gidansu da wani suna ba. Hausanci ya zama riga mai faɗi da kowa ke iya shiga ya saje da jama'a.

Amma hanyar ta maza ce. Mace ba ta ɗaukar gora ta tafi Abijan ita kaɗai, ga goyo, ga tsofaffi, ga idon gari. Bayan farin 1984, wanda mutanen Nijar ke kira El-Buhari saboda ya zo daidai da rufe iyakar Najeriya a zamanin mulkin Buhari, aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita da kuɗin Italiya, ƙarƙashin hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. An haƙa ramukan tare ruwa a kan tuddai, an jera duwatsu, an dasa miliyoyin itatuwa, ladan aiki kuma abinci ne. Akasarin ma'aikatan mata ne. Da safe za a gan su a jere suna hawan tudu, dutse a ka, yaro a baya, da yawansu daga ƙauyukan da a dā na bayi ne, mazansu suna can cin rani. Aikin ya farfaɗo da ƙasa, ya ciyar da gidaje, amma ya kuma nuna a fili su wane ne suka rage a inda aka bar kakanninsu.

Wahalar jin muryar bawa

Mai binciken wannan tarihi yana fama da shiru ta ko'ina. Takardun da ke ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Yamai kumandoji ne suka rubuta, ta bakin tafinta, bayan sun zauna da sarakuna. Francis Nicolas, jami'in mulkin mallaka da ya wallafa littafi kan Kel Dinnik a 1950, da Ghoubeïd Alojaly, wanda ya rubuta tarihinsu da Tamajak a 1975, sun adana sunayen jarumai da yaƙe-yaƙe masu yawa. Wanda ya ja wa jaruman ruwa kuwa, da ƙyar ake jin ɗuriyarsa. Nicole Echard ta saurari manoman Azna, Edmond Bernus ya bi makiyaya shekara da shekaru, duk da haka tarihin bayi da bakinsu ya makara kafin a fara tattara shi.

Ko an je ƙauyen ma, magana ba ta fitowa da sauƙi. Dattijon da ya kwashe rayuwarsa yana binne asalinsa don jikokinsa su samu aure ba zai tone shi don baƙo mai littafi da alƙalami ba. Wani zai ba da labarin yaƙe-yaƙen iyayengiji kamar na gidansu. Wani zai fara tarihin garinsu daga ranar da aka haƙa rijiya, abin da ya gabata ya bar shi. Sai mai bincike ya yi haƙuri, ya dawo shekara bayan shekara, ya gwada abin da aka faɗa da wanda aka rubuta, ya kuma sauya sunayen mutane da na ƙauyuka kafin ya wallafa, domin kalma ɗaya tana iya kashe aure ko ta tayar da rikicin gona.

Timidria

Iskar dimokuraɗiyya ce ta fito da maganar fili. A 1991, shekarar Babban Taron Ƙasa, wasu 'yan boko masu jin Tamajak, da yawansu daga gidajen da aka taɓa bautarwa, suka kafa ƙungiyar Timidria, ma'ana 'yan'uwantaka. Ƙarƙashin Ilguilas Weila ta riƙa shirya taruka a Tawa, Abalak da Cintabaraden, tana karɓar waɗanda suka gudo, tana raka su gaban hukuma. Ta bambanta bauta iri biyu: wadda mutum ke zaune a hannun ubangiji yana aiki ba lada, da wadda ya rabu da shi amma har yanzu ana karɓar rabo daga amfanin gonarsa, ana sa baki a aurensa da gadonsa.

Tare da ƙungiyar Anti-Slavery International ta Landan, Timidria ta yi wa mutane kimanin 11,000 tambayoyi, masani Galy Kadir Abdelkader ya tsara rahoton. Adadin da aka fara ambata, sama da 800,000, ya jawo gardama mai zafi, ƙungiyar ta Landan ta tsaya kan cewa aƙalla mutum 43,000 na cikin bauta. A watan Yunin 2003 Nijar ta shigar da laifin bauta cikin kundin hukunta laifuka, da ɗaurin shekara 10 zuwa 30 da tarar sefa miliyan ɗaya zuwa biyar. Daga gidan sarautar Ilela ma aka samu murya: Moustapha Kadi Oumani ya wallafa littafi a 2005 yana kiran a daina rufa-rufa.

Gwamnatin lokacin ba ta ji daɗin tonon ba. A Maris 2005 aka shirya bikin 'yanta mutum 7,000 a In Ates da ke jihar Tilaberi, bikin ya wargaje, jami'ai suka ce babu bayi a ƙasar. Ba a daɗe ba aka kama Weila, ya yi makonni a tsare kafin a sake shi.

Shari'ar Hadijatou Mani

A kudancin Adar, tsakanin Ƙonni, Ilela da Madawa, akwai al'adar da ake kira wahaya. Mai hali da ya cika mata huɗu sai ya sayi yarinya daga zuriyar bayi, ba ɗaurin aure, ba sadaki, ba rabon kwana, ba gado. Ita ce daka, ita ce ɗebo ruwa da aikin gona, ita ce baiwar matan gida, ubangiji kuma ya neme ta duk lokacin da ya so. Wasu akan sa musu munduwa mai nauyi a ƙafa, alamar da kowa zai gane. Binciken da Galy Kadir Abdelkader da Moussa Zangaou suka fitar a 2012 ya gano cewa mafi yawan waɗanda suka zanta da su an sayar da su kafin su kai shekara 15, wasu kuma ana ƙetarawa da su Arewacin Najeriya. Masu yin haka da addini suke fakewa, alhali yarinyar Musulma ce 'yar Musulmi, ba a kuma kamo ta a wani yaƙi ba. Ko da ma'aunin Ahmad Baba na ƙarni huɗu da suka wuce, ba ta halatta ba.

Hadijatou Mani tana cikinsu. An sayar da ita jika 240 na sefa ga wani mutum mai shekara 46, ta yi shekara tara a gidansa tana aiki, tana shan duka, ta haifa masa 'ya'ya. Da labarin sabuwar doka ya iso, ranar 18 ga Agusta 2005 ya ba ta takardar 'yanci mai sa hannunsa da na mai gari. Ta ɗauki takardarta za ta tafi, sai ya ce ina, ai matarsa ce.

A nan ne tsohuwar tambayar Adar ta shiga ɗakin shari'a. A Maris 2006 kotun al'ada ta Ƙonni ta ce babu aure, tunda ba a biya sadaki ba, ba a ɗaura ba, ba a nemi yardarta ba. A watan Yuni babbar kotun garin ta juya hukuncin. Ana cikin kai-komo Hadijatou ta auri wanda take so, tsohon ubangijin ya kai ƙara cewa ta yi aure kan aure. A Mayun 2007 aka yanke mata ɗaurin wata shida, ta yi kimanin wata biyu a kurkuku. Wanda ya saye ta yana gida, ita da aka saya tana ɗaure.

Da taimakon Timidria, Anti-Slavery International da lauyoyin Interights, ta kai ƙarar ƙasarta gaban kotun ECOWAS. Kotun, wadda mazauninta ke Abuja, ta taso zuwa Yamai a Afrilun 2008 ta saurari shaidu, Hadijatou ta tsaya gaban manyan jami'ai ta faɗi abin da aka yi mata da bakinta. Alƙalan suka ce an bautar da ita, kuma alƙalan Nijar da maganar ta zo gabansu ba su ɗauki matakin da ya wajaba ba. Aka umarci gwamnati ta biya ta diyyar sefa miliyan 10, gwamnati ta karɓi hukuncin ta biya. A 2009 aka karrama ta a Washinton da lambar jaruman mata ta duniya.

Bayanta wasu sun samu ƙarfin gwiwa. A Mayun 2014 kotun manyan laifuka da ta zauna a Birnin Ƙonni ta ɗaure wani mutum mai shekara 63 shekara huɗu saboda riƙe wahaya, karo na farko da aka hukunta wani kan wannan al'ada a matsayin laifin bauta. A 2019 wata babbar kotun ƙasar ta wanke Hadijatou daga laifin aure kan aure, ta kuma bayyana cewa wahaya ta saɓa wa doka.

Abin da ya rage

A arewacin jihar Tawa, Timidria da abokan aikinta sun buɗe makarantun firamare a zangunan jikokin bayi, inda a dā yaro ba ya sanin komai sai bin awakin wani. Masu bincike kuma sun juya ga wata sabuwar tambaya. A 2020 Rossi ta fara jagorantar wani aiki daga jami'ar UCL ta Landan kan tarihin 'yan Afirka da suka yaƙi bauta da kansu, tarihin da aka daɗe ana bayarwa kamar Turawa kaɗai ne suka yi shi.

Ƙorafe-ƙorafen da ke isowa yau sun fi yawa kan gona, aure da shugabanci: ƙauyen da ya shekara ɗari yana noma kwari a ce masa ƙasar ta jikokin ubangiji ce, saurayin da za a hana shi yarinya da zarar an binciki kakarsa, malamin da ba za a bi shi salla ba duk karatunsa. Dokar 2003 tana nan, amma mai ƙara a zangon da ke bayan Cintabaraden sai ya yi doguwar tafiya kafin ya ga alƙali, kuma sau da yawa wanda zai kai ƙara dangin mai sarautar yankin ne. A ranar 29 ga Janairu 2025 ficewar Nijar daga ECOWAS ta tabbata, tare da Mali da Burkina Faso. Macen da ke cikin halin da Hadijatou ta shiga, yanzu kotunan Ƙonni, Tawa da Yamai ne za su saurare ta.